Ƙuri'ar Kawu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya kuma gwiwar nan taka? Mu nan lafiya lau, sai ƙaramar yarinyar da ta yi zazzaɓi makon jiya, ta warware har ta koma makaranta. Mama tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka ɗan baffanta ya manta da ita.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Tun da aka kama baban yara, lauyansa ya gargaɗe ni in daina doguwar magana a waya. Direban bas ɗin da ke zuwa garinku maƙwabcinmu ne, shi zan riƙa ba wa, kai ma ka riƙa ba shi amsa.

Ka san dai baban yara ba abin da ya yi illa zama sakataren ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa lokacin yajin aiki. Ga shi an doshi shekara yana tsare. Duk ranar da aka sa za a kai shi kotu sai a ɗage. Lauyan ya daina ɓoye mini, ya ce muddin shugaban nan yana kan kujera, kada in sa rai.

Jiya ina ɗakin gwajin jini a asibiti na ji wani mara lafiya ɗan garinku yana cewa kana cikin wakilan da za su yi zaɓen fid da gwani na jam'iyyar adawa. Kawu, na san cikin 'yan takarar, Farfesa mutuminka ne. Na kuma san abin da ke tsakaninka da Tsohon Gwamna. Amma duk wanda na tambaya a nan, daga likitoci har masu gadi, cewa yake Tsohon Gwamna kaɗai ne zai iya kayar da shugaba mai ci. Ni yanzu ba mutumin kirki nake nema ba, wanda zai ci nake nema. Da kai muka dogara, ni da yaran nan.

Taka 'ya.

*

Uwata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni a shago ina fama da injin fotokwafi, ya cinye takardar wata mata ya ƙi tofarwa. Uwargida Inna da sauƙi, gwiwa kuwa tana nan da halinta, ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Ki ce wa Mamanki ban manta da ita ba, ita ce ta yi girman kai tun da ta koma birni.

Tunda sunan mahaifiyata gare ki, ba na iya yi miki musu kai tsaye, sai dai in yi miki bayani. Kina ƙarama lokacin da Tsohon Gwamna ya kore mu, mu malaman da muka yi yajin aiki. A rediyo na ji an kore ni, ina tsaye a ofishina na hedimasta da alli a hannu. Daga ranar ban sake shiga aji ba. Wannan shagon littattafan da kike gani, korar ce ta haife shi. A wancan lokacin kowa ya guje mu, Farfesa kaɗai ya tsaya. Ya yi rubutu a jarida, ya raka mu kotu, ya zauna a benci ɗaya da mu. Da aka yi wa Inna aiki, shi ya fara zuwa asibiti kafin 'yan'uwana na jini.

To yanzu kin ce in ɗauki ƙuri'ata in ba wanda ya raba ni da aikina, in hana wanda ya share mini hawaye. Tun da na karanta na kasa zama wuri ɗaya. Inna ta ce in ba zan daina zagaye tsakar gida ba, in ɗauki tsintsiya ko zagayen ya yi amfani.

Ban ce miki e ba, ban ce a'a ba. Abin da kowa ke faɗa ba lallai ya zama gaskiya ba, wani lokaci mutum ɗaya ne ya faɗa sauran suka maimaita. 'Yan takarar uku ne, da wani matashin Injiniya, kuma dukansu za su zo su gana da wakilan yankinmu. Zan je da idona da kunnena. Ki ba ni lokaci.

Ki gaishe mini da baban yara in kin je ziyara.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Mu lafiya.

Na karanta takardarka a bas kan hanyar aiki, na sake karantawa a bakin famfon wanke hannu. Ban manta da abin da aka yi maka ba, Mama tana ba mu labarin. Amma kai da aka kore ka, gida ka koma ka kwana kusa da iyalinka.

Makon nan an sake ɗage shari'ar, wai alƙali ya tafi taro. Babban yaron ya fara faɗa a makaranta saboda ana ce masa ɗan fursuna. Ni kuma shekaranjiya na kusa liƙa sunan wani a kan jinin wani, Allah ya sa abokiyar aikina ta lura. Ban taɓa yin irin wannan ba tun da na fara aiki.

Ka ce in ba ka lokaci. Zaɓen fa ya matso. Na saurari Farfesa a rediyo, wallahi ina son abin da yake faɗa, amma matar da ke sayar da ruwa a ƙofar asibiti ta tambaye ni wane yare yake yi. In ita ba ta gane shi ba, wa zai tashi da sassafe ya bi masa layi? Shugaban nan yana da 'yan sanda, yana da gidan rediyo, yana da gwamnoni. Ba da kyakkyawan jawabi za a ture shi ba.

Ka rubuto mini da zarar ka gan su.

Taka 'ya.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita, ta ce kuskuren aiki daga yunwa yake farawa. Yaron kuma kada ki dake shi, ki zauna da shi.

Na gan su duka ukun, ga abin da na gani.

Injiniya ne ya fara zuwa, da jerin motoci da kiɗa da samari kowa ya ɗaga waya sama. Yaron yana da baki, har ni sai da na tafa. Da na fito na tsaya cikin masu ihun ina tambayarsu katin zaɓe. Da yawa ba su da shi, wasu sun yi rajista ba su karɓo ba. Shi kansa da aka tambaye shi sunan shugaban jam'iyya na yankinmu, sai ya waiwaya yana neman mai raɗa masa. Wataƙila nan gaba, amma ba bana ba.

Farfesa ya tara mu a zauren laburare. Ya zo da taswirori, ya yi bayanin bashin ƙasa da haraji da makarantu, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Mahaucin da ke kusa da ni ya yi barci har da minshari. Da aka ba da damar tambaya, na miƙe na ce wa zai tsare masa ƙuri'unsa a ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ya ce jama'a za su tsare da kansu. Na zauna ban gamsu ba, don na taɓa aikin zaɓe, na san yadda rumfa take zama in rana ta yi zafi kowa ya tafi gida.

Tsohon Gwamna ya zo a makare, bai ba da haƙuri ba. Maganarsa gajeriya ce. Ya kira shugabannin mazaɓu da sunayensu, ya ce yana da wakili a kowace rumfa da lauya a kowace cibiyar tattara sakamako, wanda bai yarda ba ya tashi ya ambaci ƙauyensu a faɗa masa sunan wakilin. An gwada shi, ya faɗa. Da zai fita ya tsaya a gabana.

"Hedimasta, har yanzu kana fushi?"

Na ce har yanzu.

"Riƙe fushinka, ba na roƙon ka sake shi. Ka dai zaɓi wanda zai kayar da mutumin nan."

Ya wuce abinsa. Kada ki ɗauka shi ma ba shi da rauni. Malamai da iyalansu ba su yafe masa ba, kuma suna da yawa. Mutane sun gaji da tsofaffin fuskoki. Ranar da ya zama ɗan takara, gidan rediyon gwamnati zai tono duk abin da ya yi. Yana iya faɗuwa. Amma shi aƙalla zai kai bakin faɗan.

Washegari Farfesa ya zo shagona da kansa, ya zauna a kan bencin masu jiran fotokwafi, muka yi hira kamar da. Da zai tashi ya dafa kafaɗata ya ce a yankin nan da ni ya dogara.

Na gama shawara, Uwata. Ba zan kunyata mai dogara da ni ba, ko da zuciyata za ta yi ciwo. Direba yana hon a waje, sai na sake rubutowa.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa.

Na gane. Da bakinka ka ce Farfesa ba shi da mai tsare masa ƙuri'a, da bakinka ka ce ɗayan ne zai kai bakin faɗa, sannan ka rufe da cewa ba za ka kunyata Farfesa ba don ya dafa kafaɗarka. Da ka faɗa mini tun farko, da ban ɓata maka lokaci ba.

Ku ci gaba da mutunta juna, kai da shi. In shugaban nan ya zarce, Farfesa zai koma jami'a ya rubuta littafi a kan dalilin faɗuwarsa, kai kuma ka sayar a shagonka. Mu ne za mu ci gaba da bin layi a ƙofar gidan yari da kwanon abinci, ana caccaka shi da cokali ana neman abin da ba mu sa ba.

Mama ta ce in yi shiru, kai babba ne. Na yi shiru.

Taka 'ya.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ya Inna, ya gwiwa? Ban ga amsarka ba. Kullum in na dawo aiki sai na leƙa gidan direba, matarsa ta ce bai dawo ba tukuna. Wannan ita zan bar wa ta san yadda za ta aika masa. Ban sani ba ko takardata ta iso ka yi fushi, ko ba ta iso ba. In ta iso, ka yi haƙuri da kaifin bakina.

Na je ziyara ranar Asabar. Baban yara ya rame, tabaraunsa ya karye ya ɗaure da zare, amma hankalinsa yana nan. Na ba shi labarin duk abin da ya gudana tsakaninmu, ina zaton zai taya ni jin haushi. Sai ya kalle ni ta cikin wayar ƙarfen nan.

"Kin tura dattijo ya zaɓi wanda ya kore shi, da sunana?"

Na ce don ya fito ne.

"Mutumin da ya kori malamai saboda yajin aiki, me kike zaton zai yi da sakataren ƙungiya?"

Sai mai gadi ya buga ƙarfen tashi. Kafin a tafi da shi, baban yara ya ce in gaya maka kada ka ɗora tsarewarsa a kan ƙuri'arka, ka zaɓi wanda za ka iya kallon fuskarsa bayan zaɓe.

Tun daga ranar kaina ya rabu biyu. Da safe in ce Tsohon Gwamna, kafin azahar in ce to in ya ci ya zama irin wanda ya kayar fa? In koma Farfesa, sai in tuna ba zai ci ba. Har Injiniya na yi tunani. Na daina tambayar mutane a asibiti, don kowa abin da ya ji a bas yake maimaitawa.

Na janye roƙona, Kawu. Ka yi abin da ka ga ya dace, Farfesan ne ko waninsa. Allah ya sa wannan ta riski hannunka kafin ku tafi.

Taka 'ya.

*

Uwata,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, na dawo da mura daga wajen taron, Inna tana ta yi mini faɗa kamar ni na gayyato ta.

Takardunki biyu tare suka iso, bayan an gama komai. Giyar motar direba ce ta lalace a hanya, ya zauna jiran kayan gyara, ta farko tana aljihun mota, ta biyu kuma matarsa ta aika masa tare da kayan gyaran. Na fara buɗe mai zafin. Na karanta ta a tsaye.

Uwata, ke nake nufi. Ke kika fara rubuto mini cewa da ni kuka dogara, ke da yara. Direba yana hon, na rufe takarda ban sake dubawa ba, ban lura na sa maganar Farfesa dab da ita ba. Na koyar da rubutu shekara da shekaru, ga shi layi ɗaya ya gagare ni. Ban yi fushi ba. Abin da kika faɗa game da layin gidan yari gaskiya ne.

Kafin mu tafi na je gidan Farfesa, don ban so ya ji a bakin wani. Na same shi a falo cikin takardu. Na ce masa ba shi zan zaɓa ba. Ya cire tabarau ya tambaye ni ko ina ganin ba zai iya ba ne. Na ce mulki zai iya fiye da kowa, cin zaɓen ne ban ga hanyarsa ba. Na ba shi labarin baban yara. Ya saurara har ƙarshe, ya raka ni bakin ƙofa, ya ce in gaida Inna. Na miƙa hannu, ya riga ya juya.

A zauren taron zafi kamar me, ga hayaniya, ga layi ba ya motsi. Mu tsofaffin malamai da wakilan ƙungiyoyin ma'aikata muka haɗa kai muka tare Tsohon Gwamna a gaban 'yan jarida, muka ce ya faɗa da bakinsa abin da zai yi da waɗanda ke tsare ba shari'a. Ya ɓata rai, amma ya ce zai sake su a makonsa na farko. Alkawarin ɗan siyasa ne, kada ki rataya zuciyarki a kai. An dai ɗauka a kyamara.

Na shiga wajen rubuta suna. Na rubuta sunan mutumin da ya kore ni, na ninke na jefa.

Kin ji sakamako a rediyo. Shi ya ci. Abin da ke hana ni sukuni shi ne Farfesa ne na biyu, kuma tazarar ba ta kai yadda kowa ya zata ba. Ashe akwai masu sauraronsa da ba sa minshari. Tun da na dawo nake tambayar kaina ko mun raina shi ne, ko mu da muka ce ba zai ci ba mu ne muka hana shi ci.

Maganar baban yara kuwa, ni ma na yi wannan tunanin tun kafin ya faɗa. Da takardarki ta biyu ta iso da wuri, da na canza? Na juya tambayar ta kowace fuska, ban sani ba. Amma ki gaya masa kada ya ɗauki nauyin. Na auna su ukun da idona, kuma ni na jefa.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara sauƙin mura. Na ji kunya har na kasa nuna wa Mama takardarka, sai da ta ƙwace ta karanta da kanta. Ta ce duk gidanmu haka muke, mu karanta rabi mu yi fushi da sauran. Ka yafe mini.

Abin da ka hango ya fara. Gidan rediyon gwamnati ba shi da aiki yanzu sai labarin korar malamai, safe da yamma, har da muryoyin waɗanda aka kora. A wurin aikinmu wata da mahaifinta malami ne ta rantse gara ta zauna a gida ranar zaɓe. Irinta suna da yawa, Kawu, kuma duk mutanen Farfesa ne. Har yau Farfesa bai ce uffan ba, bai taya murna ba, bai ce a bi ɗan takara ba.

Na kai wa baban yara saƙonka. Bai ce ka yi daidai ba, bai ce ka yi kuskure ba. Ya ce tunda an riga an zaɓa, saura a ci, kuma ba za a ci ba in mutanen Farfesa suka zauna a gida. Ya ce mutum ɗaya ya sani da zai iya shiga falon Farfesa ya faɗa masa haka, don shi ne ya je ya gaya masa gaskiya ido da ido.

Na san ƙofar nan za ta yi maka nauyi, kuma na san na riga na roƙe ka abin da ya fi ƙarfin roƙo. Ni ma ban zauna ba, na ba da sunana a matsayin wakiliyar rumfar unguwarmu. Ka je, Kawu.

Taka 'ya.

*

Uwata,

Muna lafiya, mura ta tafi.

Na je. Ya bar ni a tsaye a waje har na fara tunanin juyawa, sannan ya buɗe da kansa. Bai ba ni hannu ba, amma ya nuna mini kujera. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce in ya fito ya ɗaga hannun mutumin nan, da wane ido zai kalli malaman da ya raka kotu? Na ce ga ɗaya daga cikinsu a gabansa, ya fara da ni.

Bai amsa ba, bai kuma ƙi ba. Daga ƙarshe ya ce ya gaji da jin 'yan siyasa da wakilai, har da ni.

"Matar wanda ke tsaren nan nake so in ji. Ta zo ta faɗa mini da bakinta."

Ki nemi izini a wurin aiki, ki bar yara wajen Mamanki, ki taho. Inna ta share miki ɗaki.

Kawunki.